Shayin Malam Buba a Kan Allo

Ku da kuke shigowa ofishin nan ku tarar da ni na miƙe ƙafa ina kallon allo, na san abin da kuke faɗa in kun sauka ƙasa. Wai tsoho ya samu aikin zama, ana biyansa ya kalli layuka kore da ja suna tafiya. Ɗayanku har ya ce mini a wata guda zai iya, tunda umarnin da nake rubutawa bai wuce tafin hannu ba. Gaskiyarsa, gajeru ne. Amma ku ja kujera in gaya muku abin da ke bayansu, don furfurar nan a gaban allo na yi ta.

Mutum yana da inji a wurin da ba zai iya tsayuwa a kansa kullum ba: ɗakin sanyi na kifi, janareto, famfon ruwa, batura. Sai mu kai ƙaramin akwati mai kwamfuta a ciki, bai fi sabulun wanki girma ba, mu maƙala a bango, mu ja masa wayoyi zuwa abin da ake so a auna. Injinan da muke samu a Douala kuwa kowanne da irin halinsa. Wannan sabo ne amma takardarsa ta ɓace, wannan ya sha hannu tun kafin ya hau jirgi, wannan wani bakanike ne ya haɗa shi a unguwar Nylon daga gawar guda uku. Babu manhajar da ta san yarensu. Dole ka zauna ka rubuta wa kowanne nasa umarnin, wanda zai tambaye shi, ya tsamo lamba daga cikin surutun da ya amsa, ya buga ta a layi ɗaya, suna sai lamba. A cikin akwatin akwai manhajar da muke kira mai kwasa. Ita ba ta san kifi ba, ba ta san mai ba. Duk bayan 'yan mintoci takan kira umarnin, ta kwashe abin da ya buga, ta turo ofis, ofis ya zana a allo. Abin da ka ba ta shi za ta kawo, ko gaskiya ko shirme.

Ɗakin sanyi na farko da na shiga a wajen Ndogbong yake. Da girmana na zo aikin nan, bayan na daɗe ina gyaran rediyo da talabijin a unguwar New Bell har mutane suka daina kawowa. Na bi wani Babamileke da muke kira Pa Toma, wanda bai girme ni da komai ba amma yana aike na sayen sigari ba kunya. Wata mata ce ta kira mu tana kuka, kifinta ya lalace alhali allo yana nuna mata komai lafiya. Pa Toma bai buɗe kwamfuta ba tukuna. Ya sa na shiga ɗakin na fito da kwali ɗaya da hannuna, sai da na yi amai a bakin kwata sannan ya nuna mini umarnin da wanda ya riga mu ya rubuta. Ɓera ya cinye wayar ma'aunin sanyi, shi kuwa mutumin ya rubuta cewa in ba a samu amsa ba a buga sifili. Sifili kuma ga kifi ba laifi ba ne, allo ya yi ta nuna kore. Ranar Pa Toma ya ce mini in inji ya yi shiru, in bar shirun ya iso ofis a matsayin shiru, kada in sa masa lamba a baki.

Jakata kun sha ganinta kuna dariya. Akwai mita, sukundireba manya da ƙanana, tef, guntayen waya, tocila, ɗan madanni da ke naɗewa, da layukan waya na kowane kamfani a cikin gwangwanin ashana, don ba ka san wanda zai kama a lungun da za ka ba. Akwai takalmin roba saboda damina a Nylon, inda ruwa kan shigo har gwiwa kana tsaye a kan bulo kana ɗaure waya. Akwai kuma kwalbar turare, wannan ta masu bendsikin ce, don in ka fito daga ɗakin kifi babu mai babur ɗin da zai yarda ya ɗauke ka haka.

Masu kiranmu aiki iri biyu ne. Akwai wanda yake so wayarsa ta yi ƙara ko ƙuda ne ya sauka a kan janareto, bayan mako guda kuma ya kira yana zagi an hana shi barci. Akwai wanda yake so allo ya zauna kore kullum, in ya yi ja kai ne ka ɓata masa inji. Wani mai sito a Japoma ya kusa korar maigadinsa a kan layin da na zana masa. Kullum da tsakar rana allo yana nuna an buɗe ƙofar sito, bayan la'asar an rufe, maigadi kuwa yana rantsuwa makulli na aljihunsa. Ma'aikata suka fara cewa wurin yana da masu shi, wasu suka daina cin abinci a inuwar ginin. Na je na yini a gaban ƙofar kamar mai jiran bashi. Ashe ƙarfen ne yake buɗewa in rana ta dake shi, ya ɗan ja baya daga ma'aunin, in ya huce ya dawo. Na matsar da ma'aunin da faɗin ɗan yatsa, aljanu suka tashi.

Yanzu ku saurara da kyau, don abin da zan faɗa ya rataya a kan wata ɗabi'a tamu ta masu wannan aiki a garin nan. Akwatunan namu ba su da batirin agogo. Duk sanda aka ɗauke wuta, kuma kun san yadda ake ɗauke ta, sai su farka suna zaton wata shekara ce da ta wuce tun tuni, su tura lambobi da wancan kwanan wata, lambobin su faɗa can baya inda babu mai dubawa. Saboda haka dukanmu muka daina barin akwati ya sa lokaci. Shi dai ya turo suna da lamba, ofis ne zai buga musu lokacin da suka iso. In layin sadarwa ya katse, akwatin yakan jera abin da ya kwasa a layi kamar masu jiran famfo, in ya dawo ya riƙa sakin ɗaya ɗaya daga na gaba. Wannan bai taɓa damun kowa ba. Katsewar sa'a ɗaya ko biyu ce, in na zagaya ƙarshen mako in share layin da hannu. In kuwa katsewar ta yi tsawo, to wuta ce ta tafi, akwatin ya mutu, abin da ya jera ya goge, ya farka a yau. A Douala babu wanda ya taɓa ganin injin da ya yi wata guda a kunne ba a kashe shi ba.

Alhajin da nake yi wa aiki a lokacin yana da ɗakunan sanyi a cikin gari, yana da ɗaya kuma a tsallaken kogin Mungo, a yankin masu magana da Ingilishi, a gefen wani ƙaramin gari da ke kan hanyar gonakin koko. Can wuta ba ta kai ba sosai. Janareto ne ke ja wa ɗakin sanyi, sai aka sa faifan sola da batura don akwatina da kwan fitila ɗaya a ɗakin maigadi. Layin waya ba ya kamawa da kyau, sai muka kafa ƙaramar eriya da ke kallon wata a kan tudu, waccan ta miƙa wa gari na gaba. Na rubuta umarni uku: sanyin ɗaki, man janareto, da ƙarfin batir tare da abin da rana ke zuba masa.

Maigadin wurin shi ne Malam Buba, Bafulatani daga arewa, dogo, marar yawan magana, wanda ya bar iyalinsa a New Bell yana zuwa ganinsu lokaci lokaci. Ba a yi mako da haɗa wurin ba na ga layin batir yana yin wani abu. Yana tafiya sumul, sai ya nutsa ƙasa na ɗan lokaci ya dawo, kamar haƙori a bakin zarto. Sau uku a yini: bayan asuba, bayan azahar, bayan magariba. Na hau mota na tsallaka kogi don wannan kawai. Na tarar da shi ya tsoma hita a cikin kofin silba, ya jona a bakin baturana.

Na ce, "Malam Buba, wannan abin zai kashe mini batir."

Ya ce, "Malam Sani, shayi ne. Kofi ɗaya."

"Kofi ɗaya sau uku. Ina ganinka daga Douala."

Ya dube ni, ya dubi akwatin a bango, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "To in kana ganina, ai ka san ina nan. Patron, mai gidanmu, ba sai ya tambaya ba." Ya miƙo mini kofin. Na sha, kuma ban sake yi masa maganar ba. Har kwan fitilarsa na iya karantawa a layin, wani ɗan siririn mataki ne, yana hawa in ya kunna da duhu, yana sauka in ya kwanta barci ko gari ya waye.

Sai shekarar da rikicin yankin ya yi tsanani. Ku kuna makaranta, abin da kuka gani shi ne baƙin fuskoki sun cika unguwa, mutum goma a ɗaki ɗaya, mata da katifu a ka suna sauka daga motoci. A can kuwa akwai ranakun da ake rufe gari ba mai fita, akwai shingaye na gwamnati da na masu tawaye, direbobi suka fara ƙin hanyar ko nawa za a ba su. Alhaji ya kwashe kifin da ya iya kwashewa, ya aika wa Malam Buba ya kulle ya taho. Shi kuwa ya ce janareto da injin sanyi amana ce, in ya bar su kwana biyu ko ƙusa ba za a tarar ba, zai jira motar da za ta kwashe su su taho tare. Motar ba ta samu hanya ba. Aka ƙona turken wayar yankin, lambar wayar Malam Buba ta daina shiga. Bayan 'yan kwanaki, wata rana da hantsi a tsakiyar rani, layukana uku suka tsaya cak a allo.

Matarsa, Adda Asta, tana soya makala, fanken fulawa irin na nan, a bakin layin masallacinmu. A wurinta nake karya kumallo tun kafin in san mijinta. Tun da layin ya katse na koma zagayawa ta bayan kasuwa, don ba ni da abin da zan ce mata in ta ɗago ido. Rani ya ja, ba labari. Duk wanda ya tsallako daga can sai a kai shi wurinta, ta ba shi makala kyauta ta tambaye shi, ya ce shi daga wani gari ya fito.

Wata safiya, ana saura kamar wata guda azumi, na shigo na tarar layukan sun motsa. Daga baya na ji wasu ma'aikata ne suka hau tudun da rakiya suka gyara eriyar don nasu aikin, mu muka ci albarkacinsu. Ɗakin sanyi ya yi zafi, man janareto ya kusa ƙarewa, wannan ban yi mamaki ba. Na zuba ido a layin batir. Bayan azahar ya nutsa ya dawo.

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Na isa wurinta ina haki, na ce, "Adda, ya sha shayi."

Ta ajiye matsamin a cikin mai. "Wa?"

"Malam. Yanzu yanzu. Zo ki gani."

Ta bar kaskon a hannun maƙwabciyarta ta biyo ni. A ƙofar ofis ta cire takalmi, ko da yake siminti ne tsirara, kuma haka ta riƙa yi kullum. Na nuna mata haƙorin, na gaya mata labarin hita. Ta sa yatsa a kan gilashin ta ce, "Nan ne ya tsoma, nan ne ya cire?" Na ce haka ne. Ta ce, "Ya daɗe. Ya cika ruwa ke nan, kullum sai na yi masa magana."

Daga ranar takan zo da hantsi in ta tashi daga suyar safe. Ta koyi karanta layin har ta fi Alhaji. Takan duba na magaribar jiya, ta duba fitila ta hau ta sauka, ta duba na asuba, ta ce alhamdu lillahi, ta ajiye mini makala a takarda ta tafi. Na lura shayin ya ɗan gusa, yana zuwa a makare da abin da bai kai sa'a ba. Muka ce agogonsa ne ya tsaya yana bin rana, ko tsufa ne ya fara riƙe shi a shimfiɗa. Waya dai ba ta shiga har yanzu, hanya kuma ba ta buɗe ba, amma unguwa duk ta san Malam Buba yana nan, ana ganinsa a allon Malam Sani.

Aka ga wata, aka tashi da azumi. Rana ta farko na zauna ina jiran in ga ya sauya, haƙori kafin asuba, haƙori da faɗuwar rana. Babu na sahur. Bayan gari ya waye ya sha, bayan azahar ma ya sha. Adda Asta ta ce labarin wata ne bai kai masa ba, a daji yake, gobe zai gyara. Gobe bai gyara ba, jibi ma haka. Aka yi mako, mutumin da ake cewa ko a mota ba ya barin salla ta wuce shi yana dafa shayi da rana tsaka a cikin Ramadan.

Direban Alhaji ne ya ji a bakina ya kai maganar majalisar ƙofar masallaci. Kun san bakin mutane da yunwar la'asar. Wasu suka ce zama cikin waɗanda ba sa salla ne ya cinye shi, dama ana ganin irin haka. Wasu suka ce ba shi ba ne, masu bindiga ne suka kama wurin suna shan shayinsa. Wani tsoho ya ce to wane ɗan bindiga ne zai riƙa sha daidai lokutan Buba, ya kunna fitila ya kashe daidai yadda Buba yake yi? Ya ƙara da cewa akwai masu zama a gidan da mai shi ya bari, su riƙa yin abin da ya saba. Ni ba mai saurin tsorata ba ne, na ga ƙofar Japoma, amma daga ranar in na zauna ni kaɗai haƙorin azahar ya fara nutsawa a gabana, sai in ji ina son buɗe taga.

Adda Asta ba ta daina zuwa ba, sai dai ta daina cewa komai in ta duba. Rana ɗaya kawai, farkon mako na biyu, ta tsaya har azahar ta gani da idonta, ta yi wa allon magana kamar yana ji. Ta ce, "Haba Malam. Ko ciwo ne, ai sai ka jira dare. Ka sa ana nuna ni a layi." Ta juyo ta ce mini tun da ta aure shi ko zazzaɓi bai taɓa sa shi ajiye azumi ba.

Ruwa ne ya buɗe mini ido. Damina ta sauka sosai, azumi ya shiga goman ƙarshe. Wani direba da ya samu ya tsallako ya zo gaida Alhaji, taɓo har ƙugu, yana cewa a can kwana da kwanaki ba su ga rana ba, hanyar koko ta zama kunu. Ina jin haka na juya na buɗe layin da ban cika dubawa ba, na abin da rana ke zuba wa batir. Kullum yana hawa sumul da safe, ya cika da rana, ya sauka da yamma, babu ko tabon gajimare. Ranar rani ce tsantsa. Akwatin da ke can a kan sola yake, bai taɓa mutuwa ba. Duk tsawon katsewar yana kwasa yana jerawa, da eriya ta dawo ya fara saki ɗaya ɗaya daga na gaba, ofis yana buga musu lokacin yau. Da hantsi layin ya katse, da hantsi aka gyara, shi ya sa lokutan suka kusa dacewa. Shayin da muke kallo tun wata biyu an riga an shanye shi tun rani.

Na faɗa wa Alhaji. Ya zauna ya cire hula ya riƙe. Ya ce, "Ke nan ba mu san komai ba."

Na ce, "Akwatin ya sani. Duk abin da ya faru har zuwa safiyar yau yana jere a cikinsa. Duk sanda ya turo lamba yakan tambaya ko akwai saƙo. In na bar masa saƙo ya saki duka, kafin la'asar mun gani."

"In ba ka bari ba fa?"

"Zai ci gaba da zuwa a hankali. Abin da ya faru yau, sai bayan babbar salla mu gan shi."

Alhaji ya ce a bar shi haka har a sauke azumi, baiwar Allah ta yi salla da yaranta cikin kwanciyar hankali. Ni ma abin da raina yake so ke nan, ba zan ɓoye muku ba, tsoron layin nake ji. Amma ta shigo da hantsi kamar kullum, ta ga fuskokinmu, ba yadda za a yi. Na yi mata bayani da misalin masu jiran famfo. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Wato wanda nake gaisarwa kullum, na da ne."

"Na rani ne, Adda."

Alhaji ya ce, "Asta, ki bari a yi salla. Kwana nawa ya rage."

Ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ba zan iya zuwa gobe in kalli wannan ba. Malam Sani, ce masa ya sako."

Na bar saƙon. Ta zauna a kan benci ta harɗe hannu, Alhaji ya aika aka ce wa masu nemansa ba ya nan. Lambobin suka fara kwararowa, eriyar tana tsayawa tana ci gaba, ruwa yana dukan kwano a samanmu. Da suka gama isowa na ɗauki na ƙarshe na ce wannan shi ne yanzu, na jera sauran a bayansa ɗaya bayan ɗaya har kowace lamba ta faɗa a ranarta. Sannan na juya allon ya fuskance ta, na fara ja daga inda muka tsaya.

Haƙora uku, uku, uku. Man janareto ya ƙare, layinsa ya kwanta. Haƙora suna nan. Rana ta fara yagewa a layinta, gajimare ya shigo, wata rana batir ya sha wuya har shayin magariba ya gajarta. Ta ce, "Yana tattali." Muka wuce ranar da aka gyara eriya, muka wuce makonnin da ta yi tana zuwa. Sai ga wata rana babu na safe, babu na azahar, ga wani sabo can kafin asuba, fitila ta hau tare da shi.

Ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce, "Ga shi nan." Na duba kwanan wata, daidai da ranar da muka tashi da azumi, ko kwana ɗaya bai makara ba. Alhaji ya yi hamdala da ƙarfi, ya mayar da hularsa.

Na ci gaba da ja. Sahur, shan ruwa. Sahur, shan ruwa. Mako guda ya cika. Sai ga sahur, fitila ta hau, hita ta nutsa ta dawo. Na ja zuwa faɗuwar rana, layin ya wuce sumul. Na ce wataƙila batir ne, na duba, a cike yake. Na ja zuwa asubar da ta biyo, babu komai.

Ta ce, "Ja gaba."

Na ja.

"Ja gaba."

Na ja har na iso bakin allo, inda lambar ƙarshe take, ta ɗazu. Babu haƙori ko ɗaya. Siririn matakin fitila kuwa tun da ya hau a sahur ɗin nan bai sauka ba, dare da rana, har zuwa lokacin da muke zaune.

Ta ce in koma kan na ƙarshen, na koma. Ta tambayi nawa ga wata, na ce takwas ga azumi. Ta yi lissafi da yatsu a cikin mayafi, ta ce, "Ranar da na tsaya nan ina yi masa faɗa ke nan." Alhaji ya fara cewa ba a sani ba, wataƙila ya gudu daji, wataƙila an tafi da shi ne za a sako shi, mutane suna dawowa. Ta ce Allah ya sa, da muryar da ake amsa wa babba. Har yau da nake muku maganar nan ba a samu wanda ya ga Malam Buba ba.

Ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ce, "Malam Sani, kai suka ji a bakinka cewa yana sha da rana. Yau in an sha ruwa ka tsaya a ƙofar masallaci ka gaya musu ya yi azumi. Ka ce har ranar ƙarshe da azumi a bakinsa."

Na ce zan faɗa, kuma na faɗa.

A bakin ƙofa tana sa takalmi ta juyo ta sake kallon allon. Ta ce, "Fitilar nan, za ka iya kashe masa daga nan? Ba ya son a bar wuta a kunne da rana."

Na ce mata ba zan iya ba, akwatin aunawa kawai yake yi. Ta gyaɗa kai, ta sauka ta tafi ɗora mai, masu sayen makalar shan ruwa sun riga sun fara taruwa.